Allurar Gadon Baya: Abin da Na Gada da Abin da Na Gani Game da Sanƙarau

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin asibiti ne tun zamanin En'e, a wani garin hakimi da ke arewacin lardin Katsina. Da ya rasu aka buɗe akwatinsa na ƙarfe, cikin abin da ya faɗo rabona har da wata allura naɗe a tsumma. Doguwa ce, ta kai tsawon yatsan tsakiya na babban mutum, kuma akwai wani siririn ƙarfe da ake zurawa a cikinta ya toshe raminta. Ƙannena sun ɗauka basilla ce ta dukanci. Ni na gane ta, domin na riga na daɗe ina aiki da irinta. Allurar ɗiban ruwan gadon baya ce. Da ita ake tambayar jikin mutum ko sanƙarau ne ya kama shi, kuma ita Baba ya riƙe a bazarar 1950, shekara biyu kafin a haife ni. Ni kuma na yi aikin jinya daga 1975 zuwa 2010. In aka haɗa nawa da nasa, gidanmu ya shekara sittin yana kokawa da cuta guda.

Bahaushe bai yi kuskuren suna ba. Wuya ne ke sanƙarewa, ƙeya ta ja baya, mutum ya kasa sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Ya kuma san lokacinta tun kafin likita ya rubuta. Tana leƙowa da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, yara suna haɓo. Ta yi ƙamari da bazara, a watannin Maris da Afrilu. Ruwan farko na sauka ƙura ta kwanta, sai ta janye kamar an kore ta.

Abin da ido ba ya gani shi ne ɓarnar da take yi a ciki. Ƙwaƙwalwa da lakar da ta sauko daga gare ta cikin ƙashin baya a naɗe suke da tantani rufi uku, kuma a tsakanin tantanin akwai wani ruwa garau, wanda a jikin babba duka-duka bai wuce cikin kofin shayi ba. Ƙwayar cutar, wata bakteriya da ake kira meningokokas, a maƙogwaro da bayan hanci take zama. A cikin mutum goma kana iya samun ɗaya yana ɗauke da ita, lafiyarsa ƙalau, yana raba ta da tari da atishawa a ɗakin da aka cunkushe. Idan busasshiyar iska da ƙura suka kakkarce cikin hanci, sai ta sami ƙofa ta faɗa jini, daga jini ta isa wancan ruwa. A can dakarun jiki ba su da yawa. Ta hayayyafa son ranta, ruwan ya koma mugunya, tantani ya kumbura, ƙwaƙwalwa ta matsu a cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗawa. Yaron da ya buga ƙwallo da la'asar yana iya rasuwa kafin la'asar ɗin gobe. In ba a yi magani ba, rabin waɗanda ta kama, ko fiye, ba sa tashi.

A Turai aka fara rubuta labarinta, a Jeniba cikin 1805, inda wani likita mai suna Vieusseux ya bayyana annobar da ta kashe mutum 33. Sai a 1887 Anton Weichselbaum ya ga ƙwayar ta madubin likita a birnin Biyana, a jikin waɗanda suka riga suka mutu. Wanda ya fi shafar sana'armu shi ne Bajamushen nan Heinrich Quincke. A 1891 ya nuna cewa ana iya zura allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu a ɗebo ruwan daga jikin mai rai ba tare da an taɓa laka ba, domin ita laka ta ƙare a sama da wurin. Allurar Baba jikanyar tasa ce. Amma gane cuta daban, maganinta daban. An fi shekara arba'in ana ɗebo ruwan ana ganin mugunya, abin da ke hannu kawai wani ruwan jinin doki ne da Simon Flexner ya sarrafa a Amurka, ana ɗura shi ta wannan allura. Ya rage mutuwa a can, amma ba abu ne da zai iso ƙauyukanmu ba.

A ƙasarmu, babbar annoba ta farko da aka rubuta ita ce ta 1905, a Zungeru, hedikwatar Turawan mulki a lokacin, shekara biyu bayan sun ci Kano da Sakkwato. Daga nan ta yi yamma, inda hanyar fataken goro ta nufa, ta isa arewacin ƙasar Ghana ta yau a 1906. Ta dawo a 1921, kuma rahotannin lokacin sun ƙiyasta cewa mutum kimanin 45,000 ne suka mutu a lardin Sakkwato kaɗai. Kakata ta wajen uba ta ga wannan shekara tana budurwa. Takan ce an kai lokacin da aka daina kuka, sai dai a yi ta haƙa.

Mutane sun yi abin da suka sani. Wanzami ya yi ƙaho a ƙeya, a yi sakiya, a turara hayaƙi, malam ya yi rubutu a sha. Mai fizge-fizge da sambatu kuwa a ce iska ce ta buge shi. Ba na raina su, domin Bature ma da madubinsa ba shi da abin da ya fi nasu a wannan shekara. Abin da hukuma ta iya shi ne hana cin kasuwa, da tare hanya, da kewaye wani fili a bayan gari da zana a kai marasa lafiya can. Wanda aka kai zana ba kasafai yake dawowa ba. Saboda haka mutane suka koyi ɓoye majinyacinsu a ƙuryar ɗaki, a rufe ƙofa da taga, wato daidai wurin da cutar ta fi so. Tsoron asibitin da muke fama da shi har gobe a nan ya yi saiwa. Har yau mutanen Kano Asibitin Zana suke kiran asibitinsu na cututtuka masu yaɗuwa.

Sauyi na farko ya zo ne da 'yan fararen ƙwayoyi. A 1938 kamfanin May & Baker na Ingila ya fito da maganin salfa da ya yi suna da M&B 693. Aka gwada shi a annobar Sudan, aka ga mutanen da da sai dai a haƙa musu suna tashi zaune. Lokacin da annobar 1949 zuwa 1950 ta mamaye lardunan Arewa, inda aka ƙirga mutum wajen 93,000 da suka kamu, sama da 14,000 suka rasu, dangin wannan magani ne a hannun su Baba.

Ya ce likita ɗaya ne, Bature, yake zagaya gundumomi da yawa a mota. Ya kwana biyu a garinsu, ya koya masa ɗiban ruwa, ya bar masa allura biyu da kwalaben ƙwaya, ya wuce gaba. A tukunya bisa murhu yake tafasa allurar tsakanin majinyaci da majinyaci. Wanda ya suma ba ya haɗiyar ƙwaya, sai a daka ta a dama da ruwa a riƙa ɗura masa da cokali kaɗan-kaɗan, dare da rana. Baba ya raba aikin ga tsofaffin mata, kowacce da nata majinyacin. Ba su da agogo, sai ya ɗaura musu lokutan magani da lokutan salla, na tsakar dare kuma shi ke bi da fitila yana tashinsu.

Amma da farko zanar tasa wayam take. Mako uku yana zaune da magani, ana ta wucewa da makara ta gabansa, ba mai kawo masa kowa. Sai ɗan dagaci ya kamu. Dagacin ya saɓa yaron a kafaɗa da kansa, rana tsaka, ya ratsa tsakiyar gari kowa na gani, ya tsaya a kai har aka soka masa allura a baya. Ya ga abin da ya fito. Bayan kwana biyar yaron ya fita zana da ƙafarsa. Kashegari babu wurin shimfiɗa tabarma. Baba yakan ce magani yana cikin kwalba tun mako uku kafin wannan rana, amma sai a ranar ya fara aiki. Ban fahimci maganar sosai ba sai da na tsaya a inda ya tsaya.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara rahotannin shekaru ya nuna cewa annobar wani zirin ƙasa take bi a kudu da Sahara, inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a wannan ziri, daga Senegal zuwa Habasha. Ƙasar Hausa, ta Najeriya da ta Nijar, a tsakiyarsa take, kuma duk bayan shekara biyar zuwa goma sha biyu babbar annoba takan waiwayo ta.

Ni a annobar 1977 na fara aikin ɗiban ruwa, da riƙe wa likita majinyaci, kafin daga baya hannuna ya faɗa. A kwantar da yaro a gefensa a bakin gado, a naɗe shi gwiwa ta nufi haɓa, bayansa ya tanƙwaru kamar baka. A lalubo saman ƙasusuwan ƙugu biyu da yatsa, a ja layi tsakaninsu. Inda layin ya ratsa ƙashin baya, nan ce ƙofar. A wanke da aidin. Allura ta shiga a hankali tana ɗan kallon cibiya, har hannu ya ji ta huda wani abu kamar takarda. Sai a zare ƙarfen ciki, a jira ɗigo.

Na ga wannan ɗigo sau ba adadi, kuma bai taɓa fitowa gabana bai faɗi ba. Ruwan lafiyayye garau yake kamar ruwan sama a sabuwar tasa, yana ɗiga ɗaya-ɗaya. Na mai sanƙarau yakan fito da ƙarfi, a gurɓace kamar ruwan gasara, wani lokaci da kauri kamar tsala. A ɗaga 'yar kwalbar a hasken taga ko fitilar ƙwai. In rubutu ba ya karantuwa ta cikinta, ba sai an jira ɗakin gwaji ba, a fara magani nan take. A ɗakin gwajin kuma rina ruwan ake yi da rinin da Gram ya ƙirƙiro tun 1884. In aka ga 'yan jajayen ƙwayoyi bibbiyu suna fuskantar juna kamar wake da aka tsaga, meningokokas ne, mai annoba. In shuɗɗa ne masu tsini, nimokokas ne, ƙwayar ciwon huhu, wadda ba ta cika tayar da gari gaba ɗaya ba amma ta fi kashe wanda ta kama.

Dole ce take sa a ɗebi ruwan. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai kamanninsu ɗaya da sanƙarau: zafin jiki, jijjiga, suma. Maganinsu kuwa ko hanya ba su haɗa ba. Akwai alamun da hannu ke nema. Ka ɗaga kan yaro yana kwance rigingine, ka ga gwiwoyinsa sun naɗe da kansu, alamar Brudzinski ke nan, wani likitan yara na ƙasar Folan. Amma jariri wuyansa ba ya sanƙarewa. Madigarsa ce ke kumbura, ya ƙi nono, ya riƙa wani siririn kuka mai tsini. Littattafan da muka karanta sun ce a nemi ɗigo-ɗigon jini a fata, amma a farar fata aka rubuta su. Mu sai mun buɗa fatar ido, mun duba tafin hannu da na ƙafa.

Sokawar ba ita ce mai wuya ba. Yardar uwa ce mai wuya. Ana cewa ruwan baya shi ne ƙarfin mutum, in an ɗebe yaro zai gurgunce ko ya kasa haihuwa. Ana cewa duk wanda aka ɗebi ruwansa ba ya kai labari, alhali a makare aka fi kawo mana su. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe mini hannu a kan jikanyarta, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, marainiya ce." Na ce, "Iya, cokali ɗaya zan ɗiba, kafin ki yi isha'i jikinta ya mayar da shi. Zo ki riƙe mini kanta, ki ga abin da zai fito da idonki." Ta zo ta riƙe. Da ta ga ruwan fari kamar kamu, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ne a kan yarinyar nan?" Na ce shi ne. Ta ce, "To, yi mata allurar." Daga ranar ban ƙara fitar da uwa ko kaka daga ɗaki ba in zan ɗebi ruwa.

Akwai kuma lokacin da ba a sokawa, kuma sanin wannan lokaci ya fi iya sokawar muhimmanci. A daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta tsuke za ta zama laka, akwai tushen ƙwaƙwalwa, wanda girmansa bai fi babban yatsa da yawa ba. Shi ke riƙe da numfashi, da bugun zuciya, da haɗiya, da farkawa. Idan kumburi ya yi yawa a sama, ka kuma zare ruwa a ƙasa, ƙwaƙwalwa tana iya zamowa ta danne wannan tushe a ramin gindin ƙoƙon kai, numfashi ya tsaya a hannunka. Don haka kafin allura sai tocila. Baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa? Numfashi yana yankewa yana dawowa? Suma ta yi nisa, hannu da ƙafa sun miƙe sun sandare? In haka ne a bar bayan, a ba da magani kawai. Manyan asibitoci yau hoton ƙwaƙwalwa suke ɗauka kafin su soka. Mu tocila ce da ido.

Ƙwayar tarin fuka ma wannan gindi take so. Ita ba ta gaggawa. Makonni take tana cin mutum, ciwon kai, rama, ido ya karkace, ruwan kuma ya fito kusan garau ya yaudare ka. Maganinta na wata goma sha biyu ne. A shekaruna na farko na rasa majinyata ta wannan hanya, ina ba su maganin sanƙarau na annoba alhali tarin fuka ne ya hau musu kai. Ina tuna fuskokinsu har yanzu, kuma duk ɗalibin da ya biyo ta hannuna sai na ba shi labarinsu.

Lokacin da na shigo aiki salfa ta riga ta daina ci, ƙwayar ta saba da ita tun ƙarshen shekarun 1960. Fenisilin yana aiki, amma sai an yi ta yin sa ta jijiya duk bayan 'yan awoyi, kwana da kwanaki. Wannan ba ya yiwuwa in ma'aikata biyu ne a kan majinyata ɗari. A Zariya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ayarin su Brian Greenwood da Hilton Whittle tare da likitanmu S. S. Wali suka gwada kuloramfenikol da aka dama da mai, suka buga sakamakon a 1979: allura ɗaya tak tana warkar da mafi yawan masu sanƙarau. Man ne ke sa maganin ya riƙa tsatsowa cikin jini a hankali har kwanaki. Allurar mai muke ce mata. Kauri gare ta, sai ka danna sirinji da dukan ƙarfin yatsa, a raba ta a ɗuwawu biyu. A ganina, kafin zuwan riga-kafin zamani, babu abin da ya ceci mutanen karkara daga wannan cuta kamar ta, domin malamin asibitin ƙauye ma yana iya yin ta a gindin bishiya. Kamfanin Faransa da ke yin ta ya daina a 1995 don ba ta kawo riba, shekara guda kafin a fi bukatarta.

Azumin 1996 ya kama a ƙarshen Janairu. Ina aiki a babban asibitin wani gari a gabashin Kano. Kafin sallar azumi gadaje sun cika. Kafin Maris ya raba mun shimfiɗa tabarmi a baranda, daga baranda muka koma gindin darbejiya, muna rataye ledar ƙarin ruwa a reshe. A amalanke ake kawo su, a akori-kura, a bayan keke, a goye. Ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a shekara ɗaya. Muka daina ɗiban ruwan kowa da kowa, domin in annoba ta tabbata, zazzaɓi da sanƙararren wuya sun isa shaida. Akwai ranakun da allurar mai ta yanke mana, sai mu rubuta wa dangi su je kemis su nemo abin da ya samu. Wasu sukan dawo da maganin a hannu su tarar an riga an rufe fuska. Akwai daren da na ƙirga gawa tara tsakanin magariba da asuba, mafi girma a cikinsu bai fi shekara goma sha biyar ba.

Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa sun rubuta adadin Najeriya na wannan shekara: mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu. Waɗanda suka iso inda ake ƙirga ke nan. A nahiyar Afirka, tsakanin 1996 da 1997, sama da mutum 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka mutu. Saudiyya ta hana alhazan Najeriya zuwa aikin Hajjin shekarar. Akwai riga-kafi tun shekarun 1970, amma ba ya kama jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu, ƙarfinsa ba ya wuce kamar shekara uku, kuma ba ya korar ƙwayar daga maƙogwaro. Kullum sai annoba ta tashi ake nemo shi, ya iso damina na bakin ƙofa. Ranar da hadarin farko ya zubo, mu ma'aikata muka jeru a baranda muna kallon ruwan, babu wanda ya ce uffan.

A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani mai suna seftiriyazon. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar a wancan ɓangare, shida a wannan, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi, babu wanda ya gaya musu cewa a harabar nan ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da maganin da aka riga aka sani. Jaridar Washington Post ta tono maganar a Disamban 2000. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shekara guda kafin abin Kano, a annobar Nijar ta 1995, an gano cewa dubban mutane riga-kafin jabu aka yi musu, daga wata gudummawa da ta fito daga Najeriya.

Gwajin magani ba laifi ba ne. Allurar mai ma gwada ta aka yi a Zariya kafin ta iso gare mu. Laifin shi ne a ba ɗan mutum abu ba a gaya wa uban gaskiya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da aka ƙaurace wa riga-kafin shan-inna a Kano a 2003, sunan Trovan yana bakin mutane. Na shiga gidaje a shekarun da suka biyo baya, magidanci ya tare ni a zaure ya ce, "Malam, ku da kuka bari aka yi gwaji da 'ya'yanmu?" Ba ni da amsar da ta wuce in cire takalmi in zauna in saurare shi har ya gama. Irin abin da dagacin garinsu Baba ya gina da ɗan cikinsa ne aka rushe, kuma mu ƙananan ma'aikata muka shekara da shekaru muna sake ɗora shi, gida-gida.

Bayan nan abubuwa sun yi sauri. A 2003 aka yi gwaji a Nijar aka ga seftiriyazon daidai yake da allurar mai, kuma yau shi ake yi, na kwana biyar a lokacin annoba. A Yamai cibiyar bincike ta CERMES ta taimaka aka samar da tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan baya ya nuna nau'in ƙwayar cikin mintoci. Babban abu kuwa shi ne riga-kafin MenAfriVac. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin da dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Jami'an lafiya na Afirka suka ce in allura ɗaya ta wuce santi 50 na dala ba za su iya saye ba, aka sami kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya ya yarda da wannan farashi. Ranar 6 ga Disamba 2010 aka fara a Burkina Faso, sai Mali da Nijar, sai Najeriya a 2011, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Wannan riga-kafi yana kama jikin ƙananan yara, yana daɗewa, yana kuma korar ƙwayar daga maƙogwaro, har wanda ba a yi wa ba ya sami kariya. Nau'in A na ƙwayar, wanda ya yi mana ɓarnar 1996, ya ɓace ɓat a duk inda aka yi shi. A shekarar da aka fara shi na ajiye aiki, kuma na yi kuka don Baba bai gani ba.

Sai dai ƙwayar dangi-dangi ce. Nau'in W ya ɓulla a Hajjin 2000, ya yi ta'adi a Burkina Faso a 2002. Nau'in X ya taso a Nijar a 2006. Nau'in C ya fara a jihar Sakkwato a 2013, ya shiga Kebbi, ya girgiza Yamai a 2015, sannan a ƙarshen 2016 ya tashi daga Zurmi ta jihar Zamfara, ya kama mutum sama da 14,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 1,100. A lokacin ne gwamnan jihar ya ce horo ne daga Allah saboda zinace-zinacen mutane. Cuta da lafiya na Allah ne, babu musulmin da ke musun wannan. Amma ni na riƙe jarirai 'yan wata takwas suna jijjiga a hannuna, kuma na san abin da irin wannan magana take haifarwa: uba ya ji kunyar a ce a gidansa ta sauka, ya mayar da yaro ƙuryar ɗaki kamar a 1921.

A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabon riga-kafi mai tare nau'i biyar a allura ɗaya, A da C da W da Y da X, bayan cutar ta tashi a jihohin Jigawa da Bauchi da Yobe da maƙwabtansu. Riga-kafin yara na yau da kullum ma yanzu ya ƙunshi na nimokokas, da na sanƙarau da ake yi wa jariri yana wata tara. Allurar ɗiban ruwa ta yau sau ɗaya ake soka ta a jefar. Ta Baba tana nan a tsummanta.

Marainiyar nan ta warke. Kunnenta na hagu ne bai dawo ba, kamar yadda ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi yakan rasa wani abu, ji, ko gani, ko kaifin karatu. Yanzu tana da jikoki, kuma in za mu gaisa sai ta juyo mini da kunnen dama. Da an kawo ta da safe maimakon dare, ina kyautata zaton da kunnenta biyu take.

Ku iyaye, in hazo ya sauko kuka ga yaro da zazzaɓi da ciwon kai, yana gudun haske, wuyansa ya ƙi lanƙwasa, ko jariri ya ƙi nono madigarsa ta tashi, kada ku bari gari ya waye. Ku yi tofinku a hanya. In likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, ku yarda, ku kuma nemi a bar ku ku tsaya a kai. Ku kuma 'ya'yana da ke riƙe da allurar a yau, ku kira uwar ta matso, ku gaya mata sunan abin da za ku ba ɗanta, ku ɗaga mata kwalbar a haske ta gani da idonta.